Cinyar Dama

Nubel, Duwala.

Zuwa ga ɗana Abba, mai sunan Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da karatunka da mutanen da kake zaune da su a Kebek. Allah ya tsare ka daga sanyin ƙasar nan, da sharrin ƙarfe, da sharrin daji. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da matsin tattalin arzikin nan da muke kira kiris, su kuwa ka san ba sa gajiya. Innarka tana gaishe ka, Baffanka Sale ma haka. Labarin gida ya ƙare ke nan, don ba shi ya zaunar da ni ba.

Takardarka ta iso tare da katin nan mai hoton dabba. Abba, wannan wace irin halitta ce? Ka ce sunanta orinyal. Na kai katin rumfa, mahauta suka yi ta karɓa daga hannu zuwa hannu har ya yi maiƙo. Baffanka ya ce raƙumi ne aka rage wa wuya aka dasa masa ƙaho. Garba tela na kasuwar Marshe Kongo ya rantse haɗa hoton aka yi. Ni ban shiga gardamarsu ba, ƙirjin na tsaya dubawa da cinyoyin. Wallahi in wannan ta faɗi, layinmu kaf zai ci nama har a aika unguwar Bonaberi. Tun ranar hannuna yake ƙaiƙayi, kuma duk wanda ya tsaya a rumfa sai na gaya masa ɗana zai je farautarta, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Ka ce baban Lusi, yarinyar da kake so, shi ne ya gayyace ka farautar kaka, wadda suke yi duk shekara in ganye ya yi ja ya fara zuba, shi da 'ya'yansa maza da abokansa. Za ku zauna a bukkar katako cikin daji, ku fara da orinyal, in sanyi ya ƙara shiga ku koma kan barewar ƙasarsu. Ka ce ba su saba kiran wanda ba ɗan gida ba. Sannan can ƙasan takarda, da ƙananan baƙaƙe kamar mai tsoron a gani, ka ce a wannan tafiyar kake so ka nemi auren Lusi, kuma ba za ka buɗe baki ba sai ka ji daga gare ni.

Na san na daɗe ban amsa ba. Na ji haushi, na kuma ji tsoro. Haushin, don a gidanmu namiji ba ya neman aure da bakinsa, manya ake turawa da goro, ga shi babu babban da zai iya ƙetare teku a wannan kiris ɗin. Tsoron, don wanda ya yi aure a can, can ya zama gidansa. Innarka ta yi kukanta a kicin ta share. Amsata tana ƙarshen takardar nan. Na san halinka, kada ka tsallaka ka leƙa. Ka bi ta a jere, don sai ka ji labarin Japoma za ka gane amsar.

Innarka ta ce ta taɓa rubuta maka labarin. To nata na 'yan dariya ne, ga na wanda abin ya faru a kansa.

Ka tuna Papa Simon? Dattijon nan ɗan ƙabilar Basa, gajere mai furfura a gira, da yake zuwa rumfa daga Japoma yana ɗibar ƙashi da tumbi don karnukansa. Maharbi ne. Bayan tafiyarka, lokacin da aka yi ta rufe gari, shanu suka daina saukowa daga Ngaundere, abatuwar ya zama wurin barcin kuliyoyi. Sai ga ni zaune ina wasa wuƙar da ba abin da za ta yanka. A gida kuwa busasshen kifi yau, busasshen kifi gobe, har Innarka ta daina tambayata me za a dafa. Wata safiya Papa Simon ya zo bai sami ko ƙashi ba. Ya dube ni, ya dubi wuƙar, ya ce da Turancinsa na fijin, "Malam Haruna, wuƙar nan za ta cinye kanta. Zo mu ƙetare kogin Dibamba, akwai mazo a kurmi. Ka taho da mutanenka."

Ka ga yadda yara ke yi ranar jajibirin salla? Haka na koma, da gemuna da komai. Na zaga kartiye, unguwa kaf, ina shela. Baffanka ya aro a-kori-kura a wurin wani mutumin Garwa, Garba tela ya ce zai bi mu kallo. Innarka ta daka yaji cike da gwangwani, tana daka tana cewa Allah ya sa ba da bobolo, curin rogon nan, zalla za a ci shi ba. Muka yi asuba muka kama hanya, ina gaban mota ina ta ba su labarin farautar Baba kamar da ni aka yi.

Wauta ta farko, tun a ɗaki na yi ta. Na ce baƙunta zan je gidan dattijo, dole in fita kunya. Na sa farar jamfata ta Juma'a da hula, na kuma zuba turare har a gemu. Muna sauka a ƙofar Papa Simon karnukansa suka zo suka shinshine ni suka fara atishawa. Ya zaga ni sau ɗaya, ya ce, "Malam, ɗaurin aure za ka ko farauta? Mazo zai ji ka tun daga bakin titi." Ya sa aka kawo mini tsohuwar rigar ɗansa Pol, ruwan ƙasa, mai warin hayaƙi da kifi. Ya ɗebo lakar bakin kogi ya shafa mini a wuya da hannu, a gaban Baffanka, wanda dariya ta hana shi tsayuwa sai da ya dafa mota.

To kai ma na san ka da son gayu, a wurina ka gado. Ka bar turare a gari. Abin da suka ba ka ka sa, ko da waccan rigar mai ruwan lemo da ka ce doka ce a sa ta, wadda ka ce tana mai da mutum kamar ma'aikacin gyaran titi. Ka sa ta, kada ka cire ko don hoto. Kada kuma ka ce kai ɗan Afirka ne jininka da zafi. Ka sa safa biyu, ka rufe kunne. Baban Lusi ba kyanka zai duba a daji ba, zai duba ko kana jin magana.

Wauta ta biyu bakina ne ya jawo ta. Ka san Baba, wanda ka ci sunansa, maharbi ne a ƙasar Zazzau kafin ya gangaro Duwala ya koma fawa. Burtunsa da yake ɗaurawa a goshi yana rarrafe cikin ciyawa har yanzu yana cikin akwatina. Shi ya sa da ka ce mutanen can suna naɗe ɓawon itace su busa kukan macen orinyal, namijin ya taho da ƙafarsa, na tashi tsaye a rumfa na ce ashe maharbin duniya duk ɗaya ne. Amma ni a Nubel aka haife ni, ban taɓa riƙe abin da ya fi barho ba. Duk da haka da Papa Simon ya tambaya wa ya iya bindiga, na buga ƙirji na ce a jini yake.

Ya ɗauko bindigarsa. Ya ɗora mata harsashi, ya nuna mini wani kututturen ayaba a bakin ruwa, ya ce in gwada. Na riƙe ta nesa da kafaɗa don kada ta ɓata mini riga, rigar ma ba tawa ba. Na ja kunama. Abin da na sani kawai, na gan ni zaune cikin laka ƙafafu a sama, kunnena yana kuka, tsuntsayen Dibamba gaba ɗaya sun tashi. Kututturen ayaba yana nan lafiya lau. Papa Simon ya ɗauki bindigarsa ya goge, ya ce, "Ashiya, Malam," wato sannu, ya miƙo mini jarkar ruwa. Da ita na shiga kwalekwale, da ita na wuni.

Ka ce ka yi karatun bindiga har sun ba ka takardar izini. Madalla, ka fi ni. Amma takarda tana aljihu, dukan kuwa a kafaɗa yake sauka. In an tambaye ka, ka ce wannan ne karonka na farko, ka roƙi tsohon ya nuna maka. Dattijo yana son a tambaye shi, ni shaida ne. Bakin bindiga ƙasa kullum. Kuma kada ka harbi motsi. Sai ka ga dabba da idonka, kanta da kafaɗarta, ka kuma ga abin da ke bayanta. In ta tsere ta tsere, gara ku dawo hannu rabbana. Wannan ba da wasa nake faɗa ba, ga dalili.

Muka ƙetare kogi muka shiga kurmi. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, Abba. Itatuwa sun haɗe sama, haske yana ɗigowa kaɗan-kaɗan, karnuka suna gaba da ƙararrawa a wuya, ni kuwa murna ta cika ni. Papa Simon ya raba mu biyu. Baffanka da Garba suka bi wani ɗansa ta bakin ruwa, ni na bi shi da Pol ta ciki. Ya ce kowa ya riƙe layinsa, kada a yi magana.

Can jikina ya ba ni azahar ta yi. Sai kunya ta kama ni. Na riga na ɓata musu safiya da turare da harbin banza, yanzu kuma in tsayar da su in ce zan yi salla? Na ce kada su ce Bahaushen nan kaya ne. Sai na lallaɓa na ja baya, na gangara wani ɗan rafi na yi alwala, da nufin in yi sauri in cim musu ba wanda ya sani. Na tashi neman alƙibla, babu rana. Na juya nan, na juya can, na dai zaɓi wani gefe na tayar. Da na sallame ban san ta inda na fito ba. Duk itacen da na duba irin na kusa da shi ne, ƙararrawar karnuka ta ɗauke. Rafin da na bari a idon sawu kuma ya fara hawa, don ruwan teku yana turo Dibamba a wannan lokacin.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na kutsa cikin sarƙaƙiya ina ture ganye, cikin riga ruwan ƙasa, launin mazo sak. Ban san na zagayo gabansu ba. Pol, magidanci mai 'ya'ya, gwanin harbi, ya ga ganye yana motsi ya ga launin, ya ɗaga bindiga ya saita. Abin da ya cece ni, bakina bai daina salati da ƙarfi ba. Daga baya ya ce yatsansa yana kan kunama ya ji mazo yana kiran Annabi. Yanzu abin dariya ne a Nubel. A lokacin kuwa da na fito fili, zaune na same shi a ƙasa, bindiga a gefe, ya kasa ko duban fuskata.

Papa Simon bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce, "Malam, me ya hana ka faɗa? Da na tsayar da kowa, na yanko maka ganye ka shimfiɗa. Kana tsammani ni ban san Allah ba? Da ɗana ya harbe ka, wa zai je Nubel ya gaya wa matarka? Shi kuma yaya zai yi da ransa?"  Da la'asar ta yi, shi da kansa ya ɗaga hannu kowa ya tsaya, ya saro ganyen ayaba ya shimfiɗa mini, ya nuna mini gabas da addarsa.

Saboda haka, ɗana, kada ka ɓoye sallarka. Tun kuna bukka ka gaya wa baban Lusi lokutanta, ka tambaye shi inda ya fi dacewa ka tsaya. Ka yi ta inda suke ganinka. Ko fitsari za ka, ka faɗa wa na kusa da kai. Mutumin da kake so ya ba ka 'yarsa, gara ya ga goshinka a ƙasa tun yanzu ya san wa zai ba. In ya ga hakan ya murtuke, ka san inda ka tsaya tun ba a yi nisa ba. Ni dai na yi wa Papa Simon mummunan zato a banza, kuma saura ƙiris zaton ya kashe ni.

Yanzu ga mai daɗin. Rana ta karkata mun fara cire rai, sai karnuka suka ɓarke da haushi ta bakin kogi. Ƙararrawa ta ko'ina, Baffanka yana ihu daga can, "Ga shi nan, ga shi nan." Sai ga mazo ya keto, namiji, ja mai ɗigon fari, ƙahoni a murɗe. Pol, da hankalinsa ya dawo jikinsa, ya sakar masa ɗaya. Ya faɗi ya tashi ya sake faɗi. Abba, ubanka ya yi gudu. Na yar da jarka, na tsallake wani gungume da ko da ƙuruciya ba zan tsallake ba, wuƙa a hannu. Na same shi da sauran rai, na juya shi gabas ɗin da aka nuna mini, na ambaci sunan Allah na yanka. Na ɗago ina haki ina dariya, hawaye yana zubo mini, ban ma san na mene ne ba.

Daga nan fage ya zama nawa. Na rataye shi a reshe na feɗe, fatar ta sauko ba huji ko ɗaya. Su Pol da suka saba babbaka dabba da gashinta suka kewaye ni suna kallo, Papa Simon yana gyaɗa kai. Wanda ya wuni da jarka, sai ga shi ana yaba masa. Kaina ya kumbura, a nan na yi wauta ta ƙarshe, wadda ta fi sauran. Na shimfiɗa ganye na hau kasa nama yadda muke yi a rumfa, wannan na wane, wannan na wane. Na ciro hanta da zuciya na jefa a wuta, na barbaɗa yajin Innarka, na yanka na miƙa wa Baffanka da Garba, na jefa wani a bakina.

Sai na ji wurin ya yi tsit. Pol ya sunkuyar da kai. Garba, da yake yana da abokan ciniki Basa, ya matso ya raɗa mini, "Malam Haruna, ka yi ɓarna. A gidan nan hanta da zuciya na babba ne, kuma shi ke rabo." Na waiga, rabin hantar ta riga ta sauka cikin Baffanka, yana lasar yatsa.

Papa Simon bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya durƙusa ya tattara duk kason da na yi ya mayar tuli ɗaya, ya sake rabawa da hannunsa, yana kiran suna. Da ya zo kaina ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mai wuƙa, me kake so?" Na ce cinyar dama.

Kai ka san abin da wannan yake nufi a gidanmu. Baba ya zo da shi daga Zazzau. Duk naman da ɗa ya samo da hannunsa, na farauta ko na yankan farko, cinyar dama ta uba ce, a kai masa da hannu biyu kafin kowa ya taɓa. Ka tuna ragon layyar da ka fara yankawa, kana ɓata rai don 'yan makarantarku ta lise suna kiranka ɗan mai soya, wato mai tsire, amma ka kawo mini ita har ɗaki ka durƙusa.

To na karɓi cinyar, na zaga tulin naman, na durƙusa a gaban Papa Simon cikin laka na miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Papa, a gidanmu wannan kason uba ne. Nawa ya rasu. Yau kai ka kawo ni, kai ka neme ni da na ɓata, kai ka shimfiɗa mini wurin salla. Na ci naka ban sani ba, ga na ubana."  Sannan ya goge hannunsa a wando ya karɓa, shi ma da hannu biyu. Ya ɗauko kafaɗa daga nasa kason ya ba ni, ya ce kada matata ta ce Basa sun mayar da mijinta da jarka kawai. Muka dawo Nubel muna waƙa a bayan mota, Innarka ta yi miyar da har maƙwabta suka aiko da kwano. Tun daga ranar Papa Simon ba ya wuce ƙofarmu bai shigo ba, kuma ɗana yake kirana, alhali furfurarmu kusan ɗaya.

Ga abin da za ka ɗauka a nan. Wuƙar da ka tsana, ita ce abin da za ka kai musu wanda ba su da shi irin naka. Ka wasa ta da kanka kafin ku tashi. In dabba ta faɗi, ka naɗe hannun riga ka shiga aiki, jini da tumbi da ɗaukar kaya, kada ka tsaya gefe kamar ɗan makaranta. Ka bi gaɓa, kada ka sari ƙashi, ka yi hankali da matsarmama in tana da ita. Amma ka feɗe kawai, kada ka raba. Kada ka kai komai baki sai tsohon ya ce bismilla irin tasu. Kowane gida da yadda yake rabon namansa, kuma ba a rubuta shi a ko'ina, sai ka yi shiru ka kalla.

Na tambayi Liman game da ci. Ya ce in kai ka harba da sunan Allah, ka ci. In ka same ta da rai ka yanka, ka ci. In ta riga ta mutu a hannun wani, ka bari. To in hakan ta faru ka bari ba tare da yatsina fuska ba, ka ci burodinka da kifi, ka yi dariya tare da su. Na kuma tambaye shi ɗaya maganar, ta Lusi, ya ce addini bai hana ba. Na fito daga zaurensa ina jin haushinsa, don na so ya ba ni abin fakewa.

Wanda zai kawo maka takardar nan zai ba ka ƙullin yaji. Innarka ce ta daka. Ban sa ta ba, ba ta kuma ce mini komai ba, na dai ji turmi da hantsi. Na ɗanɗana na ce, "Hajiya, wannan ai ba barkono." Ta ce, ba ta ɗago ba, "Bakin mutanen can ba zai ɗauka ba." Ka ji amsar Innarka ke nan, ba za ka sami wadda ta fi wannan daga gare ta ba.

Saura tawa.

Da hali ne, da ni da Baffanka da Liman mun sa manyan riguna mun zo da goro mun zauna a gaban baban Lusi, kai kuwa kana can waje ba a ko ganinka. Babu hali. Amma har yanzu ban yarda ka nemi aure da bakinka ba. Da nawa za ka nema.

In Allah ya ba ku nama, tsohon ya zo kanka a rabo, ka roƙi yanki daga cinyar dama. Na ga hoton, na san ta orinyal ba ta ɗaukuwa ga mutum ɗaya, yanki ya isa. In barewa ce, duka. In ba ku sami komai ba sai zomo, shi ma yana da cinyar dama. Wannan kasona ne, hakkina ne a kanka, kuma ga abin da na ce a yi da shi. Ka ɗauka da hannu biyu, ka je gabansa a gaban 'ya'yansa da abokansa, ka durƙusa. Na san ba al'adarsu ba ce, zai ce ka tashi, kada ka tashi. Ka gaya masa da faransancinka mai kyau abin da cinyar dama take a gidanmu. Sannan ka ce, "Babana, mahauci a Duwala, ya ce wannan nasa ne, ya ba ka. Ya ce ka riƙe masa ɗansa a ƙasar da hannunsa ba ya kaiwa. Kuma yana roƙonka ka ba ɗansa Lusi."

Na amince, Abba. Naman farautarka na farko ne, na so in ci shi a ɗakina, ina taunawa ina ba mahauta labari. Ba zan ci ba, kuma abin ya yi mini ciwo. Amma da son raina na bayar, kuma wanda na ba kasona ba bare ba ne a wurina daga ranar. In ya karɓa da hannu ɗaya kada ka damu, bai sani ba ne. In ya goge hannu ya karɓa da biyu, ka rubuto ka gaya mini, ina so in sani.

Ka aiko da hoto kana tsaye kusa da ƙahonin, don in toshe bakin Garba tela. In kiris ya sassauta ka kawo Lusi ta ga Nubel, Papa Simon ya ce zai kai ku Dibamba, amma ya ce kada ka zo da turaren ubanka.

Allah ya shige muku gaba ya tsare bayanku. Ya kare ka daga harsashin kuskure, naka da na wani, da ɓata a daji, da ruwa mai sanyi. Ya ba ku nama mai albarka, ya sanya ƙaunarka a zuciyar mutanen nan, ya mayar da ku gidajenku ba wanda ya rasa ko farce. Allah ya yi maka albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Haruna.